Rediyo a Hannun Manomi, Makirufo a Hannun Ɗan Birni

A shekarar 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana gidajen rediyo watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, wai don a rage zage-zage da cin mutuncin da sojojin baka, wato masu kare iyayen gidansu na siyasa a rediyo, ke yi. Aka yi ta ka-ce-na-ce. 'Yan jarida suka ce an taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki, magoya bayan gwamnati suka ce tarbiyya ake karewa. Daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim na saurari ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne dukkansu 'yan birni ne ke jayayya a kan filin da dama can nasu ne. Ba wanda ya waiwayi mutumin da ya fi kowa riƙon rediyo: manomin da ke rataye ta a reshen bishiya yana noma, makiyayin da ke saɓe da ita a kafaɗa, matar da ke ajiye ta a gefen murhu tun daga kunun safe har tuwon dare. Su ne masu sauraro na haƙiƙa, su ne kuma ba a jin muryarsu. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Abin ya samo asali tun farko. Rediyon da ta fara zuwa Kano a shekarun 1940 ta waya ce, akwati ake kafa wa mutum a gida ko a dandali a ja masa waya daga tashar, don haka iyakarta birni da kewaye. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma daga Ankara ta ƙasar Gana su Bello Dandago da Isa Kaita ke karanto labaran yaƙi da Hausa, kuma har yau hedikwatar Rediyon Kano ke amsa sunan Gidan Bello Dandago. Ƙauye bai shiga lissafi ba sai da ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Iyayenmu a kan waɗannan suka tashi, ta gajeren zango da matsakaicin zango. Dattijon da bai taɓa zuwa Dutse ba sai ka ji yana yi maka bayanin rikicin Falasɗinu dalla-dalla. Kaduna kuwa ita ce uwa. Jakar Magori, Hannu da Yawa, wasan Samanja, da tambayoyin Halilu Ahmed Getso waɗanda manyan mutane ke shakkar zama a gabansu, duk sun shiga jinin mutanen karkara.

To amma a duk tsawon wannan zamani, ƙofa ɗaya ce aka bar wa ɗan ƙauye ya shiga gidan rediyo, ita ce ta gaisuwa. Ya sayi katin Zaɓi Sonka, ya nemi mai rubutu ya jera masa sunayen abokai da surukai, ya aika, ya zauna jira. Ranar da aka karanto sunansa da na garinsu, har gida ake zuwa yi masa barka. Ban raina wannan ba, zumunci mai yawa ya ƙullu ta nan. Sai dai gaisuwa ba magana ba ce. Maganar gari, wato wa ya ci kuɗin rijiya, me ya sa takin gwamnati bai iso ba, ba ta da fili. Rediyon gwamnati ce, labaranta kuma daga "mai girma gwamna ya ce" suke farawa.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, a mulkin Babangida, ita ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa buɗe gidajen rediyo. Legas ta samu nata a 1994. A Kano kuwa, a ƙarshen 2003 ne Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye daga Sharaɗa a kan mita 99.5, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Bashir Dalhatu, Wazirin Dutse. Ta zo a kan gaɓa, domin wayar salula ta shigo ƙasar a 2001, ta fara yawa a hannun mutane. Haɗuwar waya da rediyo mai zaman kanta ita ta canza komai. A karon farko talaka ya ji wani talaka irinsa ya kira yana faɗa wa kwamishina cewa abin da ya faɗa ba haka yake ba, kuma ba a kashe tashar ba. Duk wanda ya kai shekarun tuna wancan lokaci ya san yadda teburin mai shayi ke yin tsit in an fara shirin Kowane Gauta, da yadda ake kwana ana tattauna abin da aka ji a Inda Ranka. Barka da Hantsi ta mayar da hantsi lokacin muhawara. A 2006, ana tsakiyar rigimar tazarcen Obasanjo, hukumar NBC ta taƙaita wa tashar lokutan watsa shiri ta kuma dakatar da wasu shirye-shiryenta na siyasa, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa maganar da ake yi a ciki tana isa inda ake so ta isa. Daga baya ta buɗe reshe a Dutse da Kaduna, wasu tashoshin kuma suka yi ta ɓullowa, su Rahama, Express, Arewa, Vision, Premier, har Kano ta zama garin da in ka murɗa rediyo kaɗan sai ka faɗa wata tashar.

Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya ce a koma zamanin murya ɗaya bai ɗanɗani zamanin ba. Taken Freedom shi ne Muryar Jama'a, kuma sama da shekara 20 ke nan tana riƙe da shi. Tambayar da nake yi wa dukkan tashoshin, ba ita kaɗai ba, ita ce: wace jama'ar?

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai ake lissafawa a cikin ƙwaryar birni. Jigawa na da 27, kuma in ka cire tsakiyar Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, saura duk karkara ce. Amma ka zauna da kowace tasha daga safe zuwa dare ka ji abin da ake tattaunawa. Kwatar da ta toshe a Kurna, cunkoso a Ƙofar Ruwa, rigimar 'yan adaidaita sahu da KAROTA, rumfunan Kantin Kwari, ƙwacen waya, wutar lantarkin da mu ko turakunta ba mu da su. Duk matsaloli ne na gaske, Allah ya kawo musu sauƙi. Ƙauye kuwa ba ya shiga labarai sai da gawa. Bagwai ta shiga bakin duniya a ƙarshen 2021 da jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari. Majiya ta ƙasar Taura ta shiga a Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta ta hallaka mutum sama da 150. Auyo da Miga da Kafin Hausa suna shiga duk shekarar da ruwa ya ci gari, kamar 2022. A kwana biyu ana jaje, manya su zo da motoci, wakilai su naɗi kukan mata, shi ke nan. Shekarun da mutanen Bagwai suka yi suna tsallaka ruwa a kwale-kwalen da ake cika shi fiye da kima, ba wanda ya mayar da shi batun hantsi. Ashe sai an mutu ake zama labari.

Ba mugunta ce ta kawo haka ba, kuɗi ne. Gidan rediyo na cin man dizal dare da rana, ga albashi, ga kuɗin lasisi, kuma abin sayarwarsa ɗaya ne, fili. Mai talla yana neman kunnen wanda ke da kuɗin saye. Wakilin da za a tura Gwaram ko Doguwa sai an biya masa mota da kwana, alhali wanda ke Sabon Gari da ƙafa ma zai kawo rahoto. Shirin kiran waya da ake alfahari da shi ma haka yake. Kafin mutumin rugar da sai ya hau tudu yake samun sabis ya samu layi ya shiga, katinsa ya ƙare yana jin "ana amfani da layin". Shi ya sa masu kira kusan mutane ɗaya ne kullum, har mai gabatarwa ya haddace sunayensu da unguwanninsu. Matan karkara kuwa, waɗanda na tabbata sun fi kowa yawan awannin sauraro, da yawansu wayar ma ta maigida ce, tana aljihunsa a kasuwa lokacin da ake shirin. Ƙari a kan haka, zangon FM ba ya nisa kamar matsakaicin zango, in ka yi nesa da turken tashar sai shuuu. Tashoshin AM masu ratsa daji kuwa yawancinsu na gwamnati ne, kuma riƙe su da tsada.

Su wa ke da kuɗin sayen fili? Mutum biyu ne suka fi yawa: ɗan siyasa da mai maganin gargajiya. A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin dukkansu biyun ɗan ƙauye suke farauta. Ɗaya ƙuri'arsa yake so, ɗayan kuɗin gyaɗarsa. Na taɓa tarar da gwaggona ta ajiye maganin hawan jinin da aka ba ta a asibiti, ta aika an sayo mata wani ruwa a jarka wanda aka ce yana maganin hawan jini da suga da basir da sanyin ƙashi a lokaci guda. Na ce, "Gwaggo, wa ya ce miki wannan zai yi?" Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Haba ɗan nan, a rediyo fa aka faɗa. Da ƙarya ne gwamnati za ta bari?" Ba ta san cewa mutumin sayen rabin awar ya yi kamar yadda ake kama rumfa ran kasuwa ba, kuma mai yi masa tambayoyin ba bincikensa yake yi ba, rakiya yake yi masa. A birni mutum na da Facebook da jarida da maƙwabci ma'aikacin asibiti da zai ƙaryata. A wurinmu "an faɗa a rediyo" hujja ce da ake kashe gardama da ita. Wannan amana tun zamanin Kaduna aka gina ta, da gumin mutanen da suka yi aiki tsakani da Allah, yanzu kuma ana yankanta ana sayarwa minti-minti.

Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Fabrairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a wata tasha ya soki rigakafin. An kama 'yan jarida, an dakatar da lasisin tashar. Ban ce shirin ne ya harba bindiga ba. Abin da nake nunawa shi ne kowa a lokacin, har hukuma, ya yarda maganar rediyo na da nauyin da za ta iya hana uba miƙa ɗansa a ɗiga masa magani. Kuma rediyon ce dai, da malamai da sarakuna a cikinta, ta taimaka aka shawo kan mutane har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020.

Duk da haka ban goyi bayan hana shirin siyasa kai tsaye ba. Sojojin baka suna wuce gona da iri, wannan ba a musu, kodayake mu ma masu sukarsu mukan ƙara murya in gwaninmu ya hau, mu yi ta dariya a majalisa. Amma wanda aka ɓata wa suna yana da kotu, NBC kuma na da ƙa'idojinta, kuma kowace gwamnati da ta taɓa yin kukan sojojin baka tana da nata rundunar da take ciyarwa. In aka ce sai an naɗi shiri an tace kafin a saka, wanda za a fara tacewa ba mai zagi ba ne, mai ƙorafi ne. Ɗan ƙaramin filin da wani lokaci mutumin ƙauye ke samu ya ce asibitinsu ba ma'aikaci ko rufin makarantarsu ya yaye, shi zai fara tafiya, domin babu editan da zai so ya jawo wa tasharsa fushin gwamnati a kan wanda ko talla ba ya kawowa. Mai kuɗi kuwa ko an naɗa ko ba a naɗa ba zai sayi filinsa.

Za a ce tashoshin 'yan kasuwa ba su ci bashin kowa ba, aikin Rediyon Kano da Rediyon Jigawa ne su kula da karkara tunda da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Akwai gaskiya a ciki, kuma suna da shirye-shiryen noma, ba a hana su haƙƙinsu ba. Sai dai yawancin shirin noma a rediyo lacca ce: a gayyato jami'i daga hukumar bunƙasa noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) ya zauna a ɗaki mai sanyi yana koya wa wanda ya gaji noma kaka da kakanni tazarar shuka. Abin da manomi ke nema daban ne. Yana so ya ji nawa aka sayar da buhun gero da riɗi da zoɓo a Dawanau jiya, kafin ɗan kwamisho ya iso ƙofar gidansa da farashin da ya ga dama. Yana so ya ji yadda kasuwar dabbobi ta ci a Maigatari ran Alhamis da Wudil ran Juma'a kafin ya kora bijiminsa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk shekara, amma da Turanci ake bikin fitar da shi a Abuja, mutumin da zai yanke shawarar shuka gero mai saurin nuna ko mai daɗewa bai ji ba, ko ya ji an karanto masa a dunƙule ba a ce ga abin da ya shafi Gumel ga na Tudun Wada ba. Mu da ke bakin kogin Haɗejiya rayuwarmu na rataye da ruwan da ke tahowa daga madatsun Tiga da Challawa. Sanin cewa ruwa ya taso kwana biyu kafin ya iso shi ne bambancin wanda ya kwashe hatsinsa da wanda ya kwana a kan titi. Lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kadawa da Kura a 2016, labarin da ya fi yawo shi ne tsadar tumatir a kasuwannin birni, wato an ba da labarin daga bakin tukunya, ba daga bakin gona ba.

Kuma ban yarda cewa wannan ba ya kawo kuɗi ba. Masu sayar da taki, da iri, da maganin feshi, da injin ban ruwa, da sola, duk kunnen manomi suke nema. Tashar da ta riƙe minti goma na farashin kasuwanni a lokaci ɗaya kullum, bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya dawo gida, ba za ta rasa mai ɗaukar nauyi ba. Abin da ya rage shi ne a daina jiran ɗan ƙauye ya kira. A ba da lambar da zai aiko saƙon murya ta WhatsApp in ya shiga inda ke da sabis, ko ya yi filashin tashar ta kira shi. A ɗauki wakili ɗan gari a kowace babbar kasuwar mako, a riƙa biyansa, ba a ba shi katin shaida a ce ya je ya nemi na kansa a wurin shugaban ƙaramar hukuma ba, domin wakilin da ciyaman ke ba kuɗin mai ba zai taɓa ganin rijiyar da ta ƙafe ba. Shirin da aka saya kuma a faɗa da baki, da Hausa, a farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, cewa wane ne ya biya kuma tashar ba ta tabbatar da abin da yake faɗa ba. Wata 'yar sanarwa da ake karantowa da gudu kamar ana korar mai karatun ba ta wadatar ba.

Maganin da ya fi tsayawa a raina shi ne rediyon al'umma, ƙaramar tasha mai ɗaukar gari da ƙauyukan kewaye, wadda mutanen wurin ke tafiyarwa. Ba sai mun je nesa ba. Mutanen Maigatari da Ɓaɓura sun san yadda abin yake a tsallaken iyaka, domin Jamhuriyar Nijar, wadda muke gani ba ta kai mu arziki ba, tana da irin waɗannan tashoshi sama da 100, ana cigiyar raƙumi da sanar da ranar rigakafi da sasanta manoma da makiyaya a cikinsu. Mu a nan sai 2015 aka ba da lasisin farko guda 17 a duk faɗin ƙasar. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, na ji masu cewa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe tasharta. A nan nake jan kunne. Tashar da ciyaman ya gina, ya naɗa mata shugaba, yake sayen man injinta, za ta wayi gari tana "mai girma ciyaman ya ce", mu koma inda muka baro kafin 2003, sai dai a ƙaramin faifai. In za a yi, ƙaramar hukuma ta ba da fili da sola ta janye hannunta. Riƙon tashar ya zama na kwamitin da ƙungiyar manoma, da ta makiyaya, da 'yan kasuwa, da matan gari, da malaman makaranta za su zaɓa, a kuma rubuta tun ranar farko cewa ba a sayar wa ɗan takara ko mai magani fiye da wani ƙayyadadden kaso na lokacinta, ko nawa ya zo da shi.